Tamrin, Maginin Da Ya Daina Yarda Da Ƙasa

Kafin ƙasa ta motsa, duk wanda ya sayi fili a unguwar Petobo ta birnin Palu ya tashi aza harsashi, wajen Tamrin ake tura shi. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa ya yi kanta har yakan sauke tukunya daga kan wuta ba tsumma. Tun yana ɗan shekara goma sha huɗu yake bin ubansa wurin gini da kwanon sarki a ka, kuma bai taɓa sha'awar wata sana'a ba. Magana ba ta dame shi ba. Sai ka wuni da shi bai ce maka uffan ba, amma ka kuskura ka cika wa siminti ruwa, ran nan za ka san yana da baki.

Matarsa Hasniati ita ce mai surutun gidan. Da sassafe take dafa shinkafa mai kurkum ta ƙunsa a ganyen ayaba, ma'aikata da 'yan makaranta su tsaya a ƙofar gida su saya. 'Yarsu ɗaya tak, Wirda, wadda suka tura birnin Makassar karatun jinya.

Gidan nasu shekara tara Tamrin ya yi yana gina shi, Lahadi bayan Lahadi, yau bulo ɗari, wata mai zuwa buhu biyu. Da ɓarayi suka fasa gidan maƙwabcinsu, sai ya sa aka ƙera masa ƙarafa ya dasa a kowace taga, ya kuma kawo ƙofar ƙarfe mai nauyi. Ƙofar nan takan cije, ba ta buɗuwa sai an sa mata kafaɗa.

"Ka kulle ni kamar ajiyar banki," in ji Hasniati. "In ɓarawon ya shigo me zai ɗauka, ludayi?"

"Ranar Lahadi zan goge mata gefe," ya ce.

Lahadi da yawa suka zo suka wuce, ƙofa tana nan yadda take.

Ranar Juma'ar nan ta ƙarshen watan Satumba, shekarar 2018, yana aikin wani shago can wajen tudu. Ya wanke cokalin gininsa, ya hau babur daidai lokacin da ladanai ke shirin kiran magariba. Bai yi nisa ba ƙasa ta watsar da shi gefen titi. Girgiza ba baƙuwa ba ce a Palu, kowa da ita ya tashi, amma wannan daban take. Da ya samu ya miƙe ya dubi gangare, sai ya ga unguwarsu tana tafiya. Itatuwan kwakwa suna wucewa a tsaye kamar masu zuwa kasuwa, gidaje suna juyawa suna nutsewa cikin wata laka toka-toka da ke ɓulɓulowa daga ƙasa. Kafin a ce haka komai ya lafa. Inda layinsu yake, gonar masara ce ta zo daga wani wuri ta zauna, masarar ko kwantawa ba ta yi ba.

Kwana goma sha biyu ya yi yana tono, da shebur, da hannu, ba tare da ya san ko a kan gidansa yake tonon ba. Bai sami Hasniati ba. A cikin kwanakin ne ya je asibiti gaida wani maƙwabcinsu da aka ciro da karyayyen ƙugu. Mutumin ya kama hannunsa ya ce ya hango ta a taga, tana riƙe da ƙarafan. Kwana uku bayan nan mutumin ya rasu, Tamrin kuwa ya haɗiye maganar, ko Wirda bai gaya wa ba.

Aka gina wa waɗanda suka tsira dogayen gidajen katako, ɗaki goma sha biyu a jere ƙarƙashin rufi ɗaya, aka ce na wucin gadi ne, shekara biyu kowa zai koma gidansa na dindindin. Bangon da ke tsakani, in maƙwabci ya yi atishawa kai za ka ce masa yarhamukallahu. Dama da ɗakin Tamrin akwai Inna Ramlia, tsohuwa mai kusan shekara saba'in, siririya kamar sanda, mai baki kamar reza, wadda laka ta tafi da 'ya'yanta maza biyu. A hagu kuma Jufri ne da iyalinsa, masunci wanda ran girgizar igiyar teku ta ɗora kwalekwalensa a kan rufin wani shago, ya koma acaba.

A lokacin duk garin magina ake nema. Wata biyu da faruwar abin wani ɗan kwangila da ya san shi ya aiko, Tamrin ya ɗauki aron cokali ya tafi. Aka tara yashi da siminti, aka buɗe rami a tsakiya, aka kwara ruwa. Da ya sa shebur ya juya, kwaɓin nan toka-toka ya motsa ya gangaro wajen ƙafarsa. Numfashi ya ƙi fita. Ya yar da shebur ya fita da gudu, bai tsaya ba sai bakin wani kwalbati, inda ya amayar da duk abin da ya karya kumallo da shi. Bai koma ba, kuma bai sake amsa kiran kowa ba.

Wasu suka ce iska ce ta shafe shi a wurin tono. Aka yi masa tofi, ya sha, aka yi ruƙiyya. Wata ma'aikaciyar lafiya da ke zagaya sansanin ta ce ciwo ne sananne da ke kama wanda ya ga abin da ya fi ƙarfin zuciyarsa, ta ba shi ƙwayoyi, ta ce ya riƙa zuwa asibitin unguwa ranar Alhamis. Ya yi godiya, ya cusa ƙwayoyin a saman katakon rufi.

Daga nan rayuwarsa ta tsaya wuri ɗaya. Da gari ya waye sai ya fito ya zauna kan benci a tsakiyar fili, inda babu abin da zai faɗo masa. Takalminsa ba ya rabuwa da ƙafarsa sai za shi salla, a masallaci ma sahun ƙarshe yake tsayawa, kusa da ƙofa. In babbar mota ta wuce ƙasa ta ɗan amsa, kafin ka waiwaya ya kai bakin titi. Abinci kuwa, abin da Wirda ta aiko da abin da maƙwabta suka miƙo. Inna Ramlia takan dangwara masa kwanon shinkafa da miyar zogale mai madarar kwakwa, ta ce, "Ci, kada ka mutu a ƙofata a ce ni ce."

Farkon kowane wata yakan je ofishin unguwa ya duba jerin sunayen waɗanda aka ba gida a kan tudun Tondo. Sunansa ba ya ciki, don takardun filinsa suna can ƙarƙashin gonar masara. Yakan dawo ransa a ɓace, amma can cikin zuciyarsa yana jin sauƙi, domin gidajen nan na siminti ne, kuma bai san yadda zai kwana a cikinsu ba. Ga jita-jita kullum cewa mai filin sansanin zai karɓi abinsa. In ya tuna gobe sai ya ji kamar an ɗora masa bulo a ƙirji. Zama ya gagara, tashi ya gagara.

Wirda ta gama karatu ta sami aiki a Makassar. Kowace Lahadi sai ta kira. Ta yi ta roƙonsa ya koma wajenta, ya ce can ma benaye ne. Daga baya wani malamin makaranta mai suna Asrul ya fito neman aurenta, iyayensa suna son a sa rana.

"Bari mu ga yadda shekarar nan za ta kasance," in ji Tamrin.

"Baba, bara ma haka ka ce."

"Wirda, ki haifi 'ya'ya ki ajiye su a kan me? Kin san abin da ke ƙarƙashinki?"

Ta ce, "Ban sani ba, Baba. Amma ni ma uwata ce ta tafi. Kai kaɗai ka rage mini, kuma kai ɗin ma ban san inda kake ba."

Ya ce caji ya kusa ƙarewa.

A shekara ta uku Inna Ramlia da wasu mata biyar suka haɗa kai suna soya albasa, irin 'yar ƙaramar nan ta kwarin Palu mai ƙamshi, suna ɗurawa a leda ana kai wa shaguna. A kan duwatsu uku suke ɗora kaskon, har ran da ya goce mai ya ƙona wa ɗayarsu ƙafa. Wata ƙungiya ta ba su bulo da siminti buhu huɗu su gina murhu. Jufri ya ce a bar masa, ai gini ba wani abu ba ne, ɗora wannan ne a kan wancan.

Wurin da suka zaɓa taku ashirin ne daga bencin Tamrin. Ya juya musu baya, amma kunne ba shi da murfi. Yana jin Jufri yana kwara ruwa bokiti bayan bokiti.

"Jufri, kunu kake damawa?" in ji Inna Ramlia. "In ka gama ka ɗebo mini a kofi."

"Inna, ki bar gwani ya yi aikinsa."

"Gwanin da teku ta kora. Kifi ma bai yarda da kai ba, balle bulo."

Tamrin ya daure har aka jera layi biyu. Da ya saci kallo ya ga bulon ya karkace kamar haƙoran tsoho, sai maganar ta kuɓuce masa.

"Shebur nawa na yashi ka zuba?"

Kowa ya tsaya. Rabon da a ji ya fara yi wa wani magana an manta.

"Ban ƙirga ba, Kawu," in ji Jufri.

"Rushe shi. Huɗu na yashi, ɗaya na siminti. Ruwan kuma da kofi, ba da bokiti ba. Kuma ka jiƙa bulon tukuna, in ba haka ba shanye ruwan zai yi."

Ran nan daga kan benci ya yi aikin, da baki. Washegari ya matso da bencin taku goma. Rana ta uku ya ce Jufri ya koma bayan ɗakuna ya yi kwaɓin a can, ya kawo shi da tauri, kaɗan-kaɗan. Jufri yana shafawa, shi yana ɗora bulo yana daidaitawa da igiya. Gumi ya jiƙa masa riga, amma layin ya fita santal. Matan suka ci gaba da yankan albasarsu kamar ba su gani ba, don Inna Ramlia ta riga ta harare su.

Rana ta huɗu da hantsi ƙasa ta yi ɗan motsi, irin wanda ko kofi ba ya kayarwa. Mata suka yi salati suka ci gaba da aiki. Tamrin kuwa bulon da ke hannunsa ya faɗi ya rabe biyu, shi kuma ya yanki fili da gudu har bayan sansanin, inda ake ɗaure shanu. Can ya durƙusa, ya dafe ƙasa da hannu biyu kamar mai son ya riƙe ta.

Ya daɗe a haka kafin ya ji ƙarar sanda. Inna Ramlia ce, tana tafe tana haki. Ta nemi kututture ta zauna.

"Ka sa tsohuwa tafiyar da ba ta yi niyya ba," ta ce. "Da ƙafar nan taka ka shiga gasar gudu da mun ci kofi."

Bai ɗago ba. Ita kuma tana zaune tana korar ƙuda da bakin ɗankwalinta. Can sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Inna, ni na kashe ta."

"Wa?"

"Hasniati." Sai maganar ta ɓalle, ta ƙarafan taga, da ƙofar da ke cijewa, da Lahadin da bai taɓa zuwa ba, da abin da maƙwabcinsu ya faɗa masa a asibiti. Shekara uku ke nan, ya ce, duk sanda ya rufe ido sai ya gan ta a tagar.

Inna Ramlia ta bar shi ya kai aya. Sannan ta ce, "Ka san inda nawa suke ran nan? A filin ƙwallo. Fili fetal, ba bango, ba ƙofa, ba taga. Ƙarti biyu masu gudu kamar barewa. Ni kuma ina cikin banɗaki, na sa sakata, da gwiwar nan da ba ta lanƙwasuwa. Ɗakin ya tafi da ni kamar kwalekwale ya ajiye ni a gonar mutane. To gaya mini, wace ƙofa ce ta kashe su, wace ce ta fid da ni?"

Tamrin ya ɗago ya dube ta.

"Da ta buɗe ƙofar, ina za ta taka? Kai ka ga titin da idonka." Ta numfasa. "Ba na ce ka daina jin ciwo ba. Ni har gobe in na auna shinkafa sai na ga na auna ta mutum uku. Amma kada ka ɗauki aikin Allah ka ɗora wa kanka, ka yi ƙanƙanta. Kai birkila ne kawai."

A nan ne ya yi kukan da bai yi ba a wurin tono, bai yi ba ran da aka yi wa waɗanda ba a gani ba salla. Tsohuwar ta kau da kai tana kallon shanu har ya gama. Da za su tashi ta miƙo masa hannu. "Ɗaga ni. Kuma murhuna ba zai gina kansa ba."

Ba a ce ya warke ran nan ba. Kwana biyu bai fito ba, a na uku ya ƙarasa murhun. Alhamis ta gaba Jufri ya goya shi a babur zuwa asibitin unguwa, ya ce ba sai ya biya ba, ladan koyon gini ne. Ma'aikaciyar nan, Fitriani, ta koya masa yadda zai ja numfashi yana ƙirgawa in abin ya taso, ta canza masa ƙwayoyin da suka lalace a rufi, ta kuma bar shi ya yi ta ba ta labarin Hasniati mako bayan mako. Wani makon ya dawo da sauƙi, wani makon ya dawo kamar an yi masa duka.

Wata Laraba, ba Lahadi ba, shi da kansa ya kira Wirda. Ta ɗauka a firgice tana tambayar ko lafiya.

"Lafiya lau. Yaron nan, yana salla?"

"Yana yi, Baba."

"Gidan da za ku zauna, hawa nawa ne?"

"Ƙasa ne."

"To ki ce su sa ranar."

Wuni da kwana ya yi a motar Makassar, da rigar da Jufri ya ara masa. Shi ya ɗaura auren da bakinsa, hannunsa cikin na Asrul. A wurin walima ya zauna bakin ƙofa, da aka kunna manyan lasifiku daɓe ya fara amsawa sai ya fice. Wirda ta hango shi ta taga yana tsaye a rana, leɓɓansa na motsi yana ƙirga. Bayan ɗan lokaci ya dawo ya zauna, har ya ci abinci.

Sunansa bai fito a jerin masu gida ba sai a shekara ta biyar, bayan tsofaffin maƙwabta sun yi masa shaida. Gida ne mai ɗaki biyu a kan tudu, ana hango teku. Ya share shi, ya sa labule, ya ce na Wirda ne in sun zo hutu. Shi kuwa ya kafa ɗakin katako a gefe, a kan ƙafafu, irin wanda kakansa ya zauna a ciki. Maƙwabta suka fara yi masa dariya, daga baya suka fara zuwa suna tambaya ko zai yi musu irinsa a bayan gida. Haka ya koma aikin katako yana da shekara hamsin da bakwai, Jufri yana riƙe masa. In aiki ya zo da siminti, Jufri ne mai kwaɓawa, kuma yanzu yana ƙirga shebur.

Bara da damina Inna Ramlia ta rasu, bayan jinyar kwana shida. An yi ruwa da safe, kabarin ya yi laka har idon sawu. Da aka kawo ta bakin rami liman ya tambaya ko akwai nata da zai shiga. Aka dubi juna. Ba ta da kowa. Tamrin ya tuɓe takalmi ya ba Jufri, ya naɗe wando, ya sauka. Waɗanda ke kusa sun ce fuskarsa ta yi fari a cikin lakar, amma shi ya karɓe ta ya kwantar, ya jera katakai ɗaya bayan ɗaya, ya toshe kafofin da hannunsa. Sai da aka kama shi aka fito da shi.

Zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyu. Ran na uku Jufri ya zo da babur ya same shi a bakin matakala yana wasa zarto.

"Kawu, da ka ƙara hutawa. Aikin malamar nan da za mu yi wa ɗaki ba gudu zai yi ba."

"Ruwa zai jiƙa mata katako," in ji Tamrin. "Ka ɗauko ƙusoshin?"

Jufri ya shafa aljihu, ya sosa ƙeya.

"Na sani," Tamrin ya ce, ya miƙe yana kaɗe wando. "Mu biya ta kasuwa."